Rasuwar Grieta, Sandar Fatsar Kawu Tobias

Cikin baƙin ciki mai nauyi, da zuciyar da har yau ba ta daina tafasa ba, Kulob ɗin Masu Fatsa na Steenfontein, a madadin Kawu Tobias Swanepoel, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar sandar fatsarsa, Grieta, wadda ta riga mu gidan gaskiya wata Asabar da hantsi a Kogin Tarental, ƙasa kaɗan da bututun mahaƙar kwal. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba. Ba kuma ƙofar mota ce ta datse ta ba, kamar yadda akasarin 'yan uwanta ke tafiya. Kashe ta aka yi, da gwiwa da takalmi, a kan idon mai ita.

An haifi marigayiya daga gora, a hannun wani tsohon gwani a Natal wanda ya tsaga, ya fere, ya manne, ya naɗe gaɓoɓinta da jan siliki. Ta shigo hannun Kawu Tobias tun yana sabon likitan haƙori mai suma baƙa, ta kuma zauna da shi har sumar ta yi fari ta zube. Doguwa ce, siririya, mai launin zuma, kuma ba ta son garaje. Wanda ya fizge ta da ƙarfi, sai ta naɗe masa zare a wuya ta kunyata shi gaban jama'a. Wanda ya bi ta a hankali kuwa, sai ta ɗauki ƙwaron ƙaryar da ya ɗaure a ƙugiya da gashin zabo ta ajiye masa shi can ƙarƙashin reshe, ko ɗigon ruwa bai fantsama ba. Ba ta da yawan magana. "Fiuu" take cewa in zare ya ratsa iska, sai kuma "ƙirrr" da kwarkwaron zarenta ke yi in kifin nan ɗan-rawaya ya kama ya ruga. Kawu Tobias, wanda ko a coci ba ya waƙa, ya sha cewa wannan ƙarar ta fi masa duk wani kiɗa.

Babban abin da za a tuna ta da shi, tsawon rayuwarta ba ta taɓa kashe kifi ba. Dokar kulob ke nan tun kafuwarsa: a danne ƙayar ƙugiya kafin a jefa, in kifi ya zo a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, a zare ƙugiyar, a riƙe shi fuskarsa na kallon inda ruwa ke tahowa har ya farfaɗo, sannan a buɗe hannu. Kawu Tobias ne ɗan sandan wannan doka, ba wanda ya naɗa shi. Mutum ne mai saurin baki da saurin hannu, ya taɓa bin wani baƙo daga Pretoria har bakin motarsa da zagi saboda ya ga wutsiyar kifi ta leƙo daga jakarsa. Shi kansa ya saki kifi har hannuwansa sun daina neman izininsa.

Rashin lafiyar da ta kai ga wannan rashi daga kogin ta fara. Tun da kamfanin da ke bayan tudu, wanda lauyan kulob ya hana a ambaci sunansa, ya sako bututunsa, duwatsun ƙasa da shi suka rine suka koma launin tsatsa. Ka juya dutse, ba ƙwaro ko ɗaya a ƙarƙashinsa, alhali da har rarrafe suke yi maka a yatsu. Ruwan ya ɗauki warin ƙarfe, in ya shiga ƙujewa sai ka ji kamar ruwan batir. Kamfanin ya ce ruwansa tas yake, har ya nemi kwamitin ruwa ya ba shi izinin bututu na biyu, wanda zai zuba a sama da garin, inda sauran kifin suka gudu suka fake. Kulob ya kai wa kwamitin kwalabe cike da ruwan, lauyan kamfanin ya ɗaga ɗaya yana murmushi ya ce kowa na iya cika kwalba a bayan gidansa.

Baba Mandlenkosi Skosana, shugaban kulob, shi ya faɗi abin da kowa ke tsoron faɗa. Ya ce sai an kai musu kifi, na ƙasan bututu, cikin ƙanƙara, likitoci su fede shi. A karo na farko a tarihin kulob aka ɗaga hannu a kan a kashe kifi guda. Kawu Tobias kaɗai ya ƙi, ya buga tebur har kofunan shayi suka yi tsalle. Amma ramin ruwan da ke ƙasan bututu rassa sun rufe shi, kuma kowa ya san Grieta kaɗai ke iya shigar da ƙwaro wurin.

"To ka zaɓa, Tobias," in ji Baba Skosana. "Kifi ɗaya ko kogi duka."

"Ka rufe mini baki, Mandla, ka kawo akwatin ƙanƙarar," in ji Kawu Tobias. "Amma kai za ka fasa masa kai, ba ni ba."

Ranar da abin ya faru, tsofaffin biyu suka sa wandunan roba suka bi ta cikin ruwa, don gaɓar kamfanin ya kewaye ta da waya. Marigayiya ta yi aikinta na ƙarshe yadda ta saba, ta sauke ƙwaro a gindin rassan sau da yawa ba gajiya, har wani abu ya taso ya kama. Kwarkwaro bai yi ƙara ba, don kifin bai ruga ba. Ya biyo zare kamar tsumma. Da ya shigo koma, Kawu Tobias ya ga ɗan-rawaya babba wanda fatarsa ta saɓule gefe guda, gyambo a bayansa, ido ɗaya ya yi fari. Baba Skosana, da ke tsaye kan wani dutse da ɗan nisa, ya buɗe akwati.

A daidai nan a-kori-kurar masu gadi ta taka birki a bakin gaɓa, karnuka na haushi a bayanta. Shugabansu, Rikus, ƙato ne mai wuya kamar turmi, ɗan garin nan ne, Kawu Tobias ne ma ya cire masa haƙoran yarinta.

"Kai tsoho! Fito daga ruwan nan kafin in sako karnuka!"

"Ni kake ce wa kai, Rikus? Kogin na ubanka ne? Ɗan banza, ka manta fitsarin da ka yi mini a kujera?"

Idon Kawu Tobias na kan Rikus, bakinsa na kan Rikus, hankalinsa duka na kan Rikus. Hannuwansa kuwa suka ci gaba da abin da suka sani. Suka tsoma cikin ruwa suka jiƙe, suka zare ƙugiya, suka juya kifin ya fuskanci ruwa.

"Tobias! Akwatin!" Baba Skosana ya ƙwala. "Tobias, hannunka! Dubi hannunka!"

Ya duba. Hannun a buɗe yake, kifin kuma yana karkacewa zuwa cikin zurfi.

Rikus ya riƙe ciki yana dariya. "Kun gani ko? Kifi lafiyarsa ƙalau, har iyo yake. Na gode, Kawu, yau ka yi wa kamfani aiki kyauta."

Kulob ba ya goyon bayan abin da ya biyo baya, amma ba zai ɓoye shi ba. Kawu Tobias ya fito daga ruwa da saurin da ba a san yana da shi ba, ya ɗaga marigayiya, wadda ba ta taɓa dukan ko sauro ba, ya tsula wa Rikus ita a fuska. Ta ce "fiuu" ta bar masa layi daga kunne zuwa haɓa. Ya sake tsulawa, ƙugiya ta maƙale a kunnen ƙaton, jini ya zubo masa a riga. Da yake ƙugiyar kulob ce mara ƙaya, fizga ɗaya ya yi ta fita, abin da wasu membobi suka nuna takaicinsu a kai daga baya.

Daga nan masu gadin suka rufe su. Bulalar roba ta sauka a bayan Kawu Tobias har wandonsa ya tsage, wani ya sa masa gindin tocila a baki, haƙora biyu suka faɗo kan yashi. Kare ya cafki Baba Skosana a cinya, ya kare kansa da akwatin ƙanƙara, aka ƙwace akwatin aka fasa masa goshi da shi. Rikus ya damƙi wuyan Kawu Tobias ya danna fuskarsa cikin ruwan tsatsa, ya ɗago shi, ya sake dannawa, yana cewa, "Sha, tsoho, sha ka ji in akwai guba!" Da ya gaji, sai ya jefar da shi gefe ya ɗauki Grieta.

"Rikus, ɗana," in ji tsohon, jini na bin gemunsa, idanunsa na ƙuna. "Ni na dake ka. Ni za ka karya. Ajiye ta."

Rikus ya ɗora ta a gwiwa. Kalmarta ta ƙarshe "ƙas" ce. Ya haɗa guntayen ya sake karyawa, ya taka kwarkwaron da takalmi, sannan ya wurga ta duka cikin ramin ruwan da ke bakin bututu.

A asibiti Kawu Tobias bai tambayi haƙoransa ba. Membobi sun zo dubiya da busasshen nama da lemo, wasu suka ajiye suka fita ko zama ba su yi ba, don haushin kifin bai sake su ba. Bai yi musu ba. Ya juya fuska bango ya ce wa Baba Skosana, wanda ke gadon kusa da kai a naɗe, "Na kashe kogi da hannuna, Mandla, na kuma kai yarinyar nan aka kashe." Baba Skosana ya ce ya yi shiru, kansa na ciwo, amma an ga yana share ido.

Sai Allah ya sa duka bai ishi Rikus ba, ya kai ƙara wurin 'yan sanda cewa tsoho ya far masa da makami. Sajan Nomvula Mtsweni, mace mara son wasa, ta ce to ina makamin. Lauyoyin kamfanin suka yi ta jan ƙafa wajen buɗe mata ƙofa, marigayiya na kwance cikin ruwan fiye da mako. Da aka buɗe, Sajan ta shiga da manjagara ta jawo ta gaban shaidu.

"Ita ce wannan? Nan ka jefa ta? Ba wanda ya taɓa ta tun ranar?"

"Ita ce," in ji Rikus yana shafa tabonsa. "Wa ya isa ya taɓa? Ni ke gadin wurin nan."

Waɗanda suka ga gawar sun kasa cin abinci. Zobban ƙarfen da zare ke bi ruwan ya cinye su, wasu saura ɗan baƙin tabo inda suke a da. Jan silikin ya ruɓe, mannen ya saki, goran ya buɗe tsage-tsage, mariƙinta ya rine ya kumbura. Kwarkwaron da ya yi shekaru yana shiga kogi ba tsatsa ya fito duk huji, kamar ƙwaryar da gara ta ci. Sajan Mtsweni ta dubi gawar, ta dubi bututun, ta ce wa Rikus ya maimaita maganarsa a hankali.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, Kawu Tobias, wanda yanzu sai kunu da dankali dakakke. Da kwansonta na fata, da ke jingine bayan ƙofa ya ƙi a ɗauke. Da komar da suka yi zaman amana tare. Da gwangwanin ƙwarin ƙarya marayu, da yawansu ba su taɓa jiƙa ba. Ta bar ƙanne na roba da na gilashi a hannun membobi, masu sauri da rashin kunya, ba mai halinta ko ɗaya. Ta kuma bar kifayen da ta kama ta saki, in har akwai sauran masu rai, tare da wanda aka saki bisa kuskure, wanda ba a sa ran ya kai ga jin wannan sanarwa.

Za a ɗauki gawa ranar Alhamis da safe daga ofishin 'yan sanda, inda take ajiye a matsayin shaida, Sajan Mtsweni ce za ta riƙe ta. Za a bi babban titi a ƙasa zuwa zauren gari, inda kwamitin ruwa zai zauna kan batun bututu na biyu. Ana roƙon membobi su zo da wandunan roba, sanduna a ɗage. Waɗanda aka yi wa ɗinki a kai su zo ba hula. Bayan zama akwai gasasshen nama da tuwon masara a harabar kulob, kowa ya zo da abin shansa.

Ba za a yi wa marigayiya wanka ba, ba kuma za a sa mata likkafani ba. Za a kwantar da ita a kan teburin kwamiti yadda ruwan ya maido ta, kuma duk wanda tausayi ya sa ya kai mata tsumma, ya kuka da kansa.

Ba a sa ranar binnewa ba. Kawu Tobias ya ce za a rufe ta a bakin Tarental ranar da aka toshe bututun, kafin nan za ta halarci kowane zama, ko a ina aka kai shi. Ya daɗe yana gaya wa iyalinsa a sa masa ita cikin akwatinsa in ya mutu. Jiya ya tara su ya janye maganar. Ya ce in ya tafi bututun na zuba, a rufe shi shi kaɗai, a miƙa ta ga wanda zai kai ta zama na gaba.