Kukan Mutuwa a Gidan Suna

Ba zan taɓa mantawa da sunan jaririn Anti Dakta a Birmingham ba, kuma na san waɗanda suka halarta ma ba su manta ba (har yau in na shiga taro sai in ga mata suna taɓa juna da gwiwar hannu).

Karatuna a aji uku na ƙaramar sakandare ya tsaya. Maigidana, Abban Ummi, shi ne mai boko. Digiri na uku ya kawo shi Manchester, shi kuma ya kawo ni. Muna zaune a wani ɗan gidan haya a unguwar Levenshulme, saman shagon mai kafet. Da safe ya hau bas zuwa jami'a a Oxford Road, Ummi ta tafi makaranta, a bar ni da jaririna Sadiq da ruwan sama yana dukan taga.

Ummi ce damuwata. Shekararta bakwai, Turanci a bakinta kamar ta haɗiyi rediyo. Wata rana na je ɗauko ta, malamarsu ta tsaya tana yi mini bayani, ni kuwa sai gyaɗa kai nake kamar ƙadangare. A hanya yarinyar nan ta dube ni, ta ce da gurguwar Hausarta, "Mummy, ke ba ki san komai ba ne? Kullum ke shiru." Na ƙudurta a raina, sai Ummi ta ga ranar da uwarta ta buɗe baki cikin mutane aka saurare ta.

To, akwai abu ɗaya da na sani. Sadiq yaro ne mai firgita, cokali ya faɗi sai ya farka, don haka tashar talabijin ɗaya kawai nake iya kunnawa da rana, wadda ake buga sinuka, wasan nan na zungurar ƙananan ƙwallaye da sanda a kan tebur. Ba ihu, ba kiɗa, sai ƙas, ƙas, da wani mutum yana raɗa kamar a ɗakin mara lafiya. Ba ta buƙatar Turanci. Ko ƙwallo ta faɗa rami, ko ba ta faɗa ba.

A nan na samu gwanina. Wani siririn bature ne mai ɗan ranƙwafawa. Kafin ya buga sai ya zaro alli daga aljihun falmaran, ya goga a bakin sanda, ya hura, ya mayar, sannan ya sunkuya ya rufe ido ɗaya. Sak Babanmu, Allah ya jiƙansa. Tela ne a Fagge, alli ba ya barin aljihunsa, kuma haka yake sunkuyawa kan yadi kafin ya sa almakashi. Duk lokacin sanyin nan tare muka yi shi da baturen nan. In ya kuskure sai in ji na ce, "Ayya, Baba."

(Na lura hoton dishi-dishi yake, na ce laifin talabijin ne, ta hannu muka saya. Na lura 'yan kallo suna busa sigari a cikin zauren, na ce turawa ne, me ba sa yi. Na lura da gashin kansu buzu-buzu da manyan tabarau. Komai na gani, haɗawa ce ban yi ba.)

Anti Dakta likita ce, matar abokin maigidana, Injiniya. Mahaifiyarta, Hajiya Babba, ta zo daga Kano wankan jego, ta baro Alhajinta a kwance ba lafiya, kullum waya tana hannunta. Gidansu a unguwar Handsworth ta Birmingham dogo ne siriri, falon maza a gaba, namu a baya, labule ne kawai tsakani. Ranar sunan, bayan an ci masa da miyar taushe, sai musu ya ɓarke a wajen maza: wai a duk 'yan wasan Birtaniya na yanzu, kowane irin wasa, wa ya fi?

"Mai tseren motar nan," in ji Injiniya. "A rufe zancen."

"Haba angon ƙarni!" Malam Nura ke nan, wani akanta mai son dariya. "Mota ke gudu, shi a zaune yake. A ba direban Kano zuwa Zariya irin motar ka ga aiki. Ɗan dambe dai, ƙato da ƙato, ba inji."

"Wanda aka shimfiɗe kwanakin baya har sai da aka yi masa fifita?" in ji Injiniya.

Abban Ummi ya kawo nasa ɗan ƙwallon, suka yi masa caa. "Kai ɗan Manchester, yi shiru! Kai da ƙungiyarka ke tayar maka da hawan jini duk Asabar!"

Anti Dakta ta yaye labulen, tana zaune da lallenta. "Duk kun manta da mata. Yarinyar nan mai gudu fa? Ba mota, ba mutum goma a bayanta, ƙafarta kawai."

Aka tafa mata. Na waiga sai na ga Ummi a gefenta, baki buɗe, tana kallonta da wani irin kallo da ban taɓa samu ba. Na ce yau ce ranar.

"Ni kuwa duk ban yarda ba."

Mata suka juyo gare ni, don da yawansu ba su taɓa jin muryata ba bayan gaisuwa. Na faɗi sunan gwanina yadda bakina ya iya. Na ce, "Shi ba ya dukan kowa, ba ya gudu, ko gumi ba ya yi. Yana buga wannan ƙwallon, idonsa yana kan wadda zai buga bayan ta gaba. Ƙarfi kowane ƙato yana da shi, natsuwa ce da wuya. Ko jiya na ga ya share tebur tas, abokin karawarsa bai tashi daga kujera ba."

"Iye! Maman Ummi ashe ana ciki!" in ji Anti Dakta. Ummi ta juyo ta dube ni. Wallahi na samu kallon nan. Na same shi kamar na tsawon haɗiyar ruwa.

"Jiya?" in ji Malam Nura. Ya latsa wayarsa, ya miƙo ta gefen labule. "Wannan kike nufi?"

"Shi ne!"

"Ai Maman Ummi, wannan ya daɗe da mutuwa. Wasan da kike kallo tun ba a haife ki ba aka buga shi. Tashar maimaita tsofaffin wasanni ce."

Dariya ta fara tashi, kuma da na bi su na yi dariyar da shi ke nan. Amma abin da ya fito daga bakina, da ƙarfi, shi ne, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" Sai kuka. Kuka mai sauti, irin na gidan rasuwa.

Ga abin da su ba su sani ba. Ina da cikin Sadiq Babanmu ya rasu, aka ɓoye mini, kamar yadda ake yi wa mai ciki da wanda ke nesa. Na yi ta tura masa saƙon murya, ƙanwata tana ce mini wayarsa ce ta lalace. Sai bayan na yi arba'in Abban Ummi ya zaunar da ni. Lokacin an daɗe da naɗe tabarmin makoki, kowa ya gama kukansa, ni kaɗai na rage, sai na haɗiye nawa. Yanzu ga shi an sake yi mini: ina ta hira da mutum, ashe yana ƙasa.

Salati a gidan Bahaushe kuwa ba ya tsayawa a bakin mutum ɗaya. Matan kicin suka fito da ludayi a hannu suna maimaitawa, ba su san wa ya mutu ba. Yara suka sa kuka. Sai ga Hajiya Babba tana saukowa daga bene, ɗankwali a hannu.

"Alhaji ne ko? Alhaji ne kuka ɓoye mini?"

Ta zube a kan matakala. Anti Dakta tana rantsuwa Alhaji yana nan da ransa, Hajiya tana cewa, "Haka aka yi wa Yaya Rabi, ni za ku gaya wa?" Sai da aka kira Kano ta bidiyo, ta ga Alhaji a zaune yana shan kunu yana tambayar ko lafiya, sannan ta sauke numfashi.

"To wa ya rasu?"

Injiniya ya sosa ƙeya. "Wani bature ne, Hajiya. Mai buga sinuka."

"Maƙwabcinta ne?"

"A talabijin ta san shi."

Na so ƙasa ta tsage. Abban Ummi yana tsaye bakin ƙofa yana kallon takalman mutane. Ummi kuwa ta ɓuya bayan kujera. Hajiya Babba ta daɗe tana dubana, sannan ta yafito ni, ta jawo kaina kan kafaɗarta mai ƙamshin turaren wuta. Ta ce a hankali, "Yi abinki 'yar nan. Wannan kukan ba na bature ba ne." Na kuwa yi, har na jiƙa mata leshin suna.

A jirgin ƙasa na komawa Manchester, da muka yi nisa, Abban Ummi ya dube ni. Ya ce, "Da kin tambaye ni." Na ce, "Kai ma da ka gaya mini." Ya gane abin da nake nufi, ya karɓi Sadiq ya juya wajen taga.

Ummi tana can ƙarshen kujera, ta ƙi kallona. Na ce shi ke nan, na nemi kallo na samu kunya. Can sai ta matso. "Mummy, wa ya mutu?"

Na ce, "Kakanki." Na ba ta labarin shagon Fagge, da alli, da yadda yake ɗinka mini kayan Sallah a ƙarshe bayan na kowa, da ragowar yadi, riga ɗaya kala uku. Da Hausa na faɗa, ban rage ko kalma ba. In na tsaya sai ta ce, "Sai me?" Har muka sauka tana riƙe da gefen mayafina.

Ranar Litinin da ta dawo makaranta ta tarar da ni gaban talabijin, gwanina yana goga alli. Ta zauna jikina, ta yi raɗa don kar Sadiq ya farka. "Ya mutu, amma zai ci?"

Na ce, "Zai ci."

Su Malam Nura har yanzu ba su gama musunsu ba, kuma ni ban sauya gwani ba. Sai dai yanzu in zan yabi mutum cikin taro, ko mai sayar da tumatir ne, sai na fara jan Abban Ummi gefe in tambaye shi, "Tsakaninka da Allah, yana da rai?"