Bunsurun Ƙasar Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaisuwar surukai a Gidan Sori ba, sati ɗaya bayan ɗaurin aurena da Rabi.

Ni malamin lakol ne, wato makarantar boko, a Cadawa, amma ina da wani ciwo: wasan kama dodanni na cikin salula. Abin da ya fi tafiya da ni, dabba ɗaya ce sai ta sake kamanni gwargwadon yankin da ka kamo ta. Akwai wata mai siffar bunsuru, a ƙasar zafi ja ce, a ƙasar ƙanƙara kuwa fara sol mai dogon gashi. Wata biyu ina farautar farar.

Ranar da na same ta muna cikin motar kasuwa, na kira abokina ina ihu: "Na samu farin bunsurun! Dabbobina sun kai ɗari uku!" Ashe dattijon da ke gefena Kawu Ila ne, ƙanin uwar Rabi. Ya girgiza kai ya ce, "Ashe Malam makiyayi ne." Na yi murmushi na ce, "Ana taɓawa." (Ni da ko kaza ban taɓa kiwo ba.)

To ranar gaisuwa zaure ya cika da dattawa, ina durƙushe ina zufa cikin babbar rigar aro. Baban Rabi ya gyara murya.

"Malam, Ila ya ba mu labarin garkenka. Ka aro muna farin bunsurun nan ya hau awakinmu, mu ma mu samu iri."

Na share zufa, shi kuwa ya ci gaba.

"Ko yana nesa ne? A tura amalanke."

Na ce, "Baba, ai... yana nan aljihuna."

Na fiddo salula na miƙa. Ta zaga dattawa ɗaya bayan ɗaya, bunsurun yana tsalle yana feso ƙanƙara. Ba wanda ya yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi. Kawu Ila ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya da zuciya ɗaya, "To mi yake ci?"

"Caji, Kawu."

Dariyar ta bayan zana ta ɓarke, wajen mata, kuma na tsinci muryar amaryata a ciki.

Da zan tafi Baba ya sa aka ɗaura mini jar akuya a bayan babur. "Fara da wannan, ita tana kashi."

Tun ranar, in dattijo ya yi mini zaton arziki, nan take nake gyara masa. Kunyar mota ta fi ta zauren surukai sauƙin haɗiya.