Maɓalli na Biyu a Rigar Tokuji

"Ina kwana, amarya? Ashe kina nan, masu kwashe tsofaffin kaya ba su biyo ta layinku ba?"

"Lafiya lau, Maigida. Sun biyo, suka tambayi inda kake, na ce ka fita. Juya takalmanka su kalli ƙofa kafin ka hau mini tabarma."

Ina bayan kanta ina yanka awara Shunpei da kakarsa suka fara. Shagonmu yana cikin tsohuwar kasuwar unguwarmu a Osaka, labule ne kawai ya raba shi da ɗakin mahaifiyata, Inna Fusae, saboda haka duk abin da aka faɗa a ciki da ni aka faɗa. Shunpei ɗan yayata ne. Tun ranar da aka kawo shi daga asibiti yana jariri Inna ta leƙa fuskarsa ta ce ta yi sabon miji, mara haƙori kamar tsohon. Har yau auren bai mutu ba, bai kuma taɓa yin lafiya ba.

Yaron yana zana manga, wato labarin zane irin namu na Japan, a wata mujalla mai fitowa wata-wata, kuma a safiyar nan fuskarsa kamar takardar da ruwa ya jiƙa. Na san dalili. Editarsa, Malama Ogata, ta gaya masa babi ɗaya ya rage masa. Ko dai jarumin labarin ya bayyana soyayyarsa yadda masu karatu za su ji a jikinsu, ko a rufe labarin a ba wani shafukan. In aka rufe kuwa, uwarsa ta riga ta yanke hukunci, zai dawo aiki a shagon awara. Ni har na sayo masa takalmin roba irin na aikin awara, na rataye inda zai riƙa gani.

Bai gama zama ba Inna ta ɗauko mujallar daga kan tulun da ta jiƙa kabeji da gishiri, inda take danne murfi da ita.

"Ga abin da na taka da ƙafata na sayo. Yarinyar kanti ta ce jikana zan kai wa? Na ce mijina ne ya zana. Sai ta ce mini sannu."

"Sannun girmamawa ce."

"Irin wadda ake yi a gidan rasuwa ce. Na karanta daga farko zuwa ƙarshe, na sake daga ƙarshe zuwa farko, na biyun ya fi ma'ana. Wane ne wannan da ke faɗuwa a kowane shafi?"

"Likita Kumagai. Likitan haƙori ne."

"Farfaɗiya gare shi?"

"Tsoron haƙori yake yi. Da ya ga haƙori sai ya suma."

Inna ta sauke gilashinta kan hanci ta dube shi, ta dubi labule, inda ta san ina laɓe. Ta tambaya to me ya kai shi aikin. Shunpei ya ce gadon gidansu ne. Ta ce marasa lafiyar fa? Ya ce da baki rufe suke zuwa, su yi masa kwatance da hannu. Ta ce to wannan yarinya mai tukunyar dafa shinkafa a ka, ita kuma ciwon me take yi? Ya ce Yayoi ke nan, lafiyarta ƙalau, wani mai duba ne ya gaya mata mijinta da yunwa zai zo, shi ya sa take yawo a shirye. Likita kuwa ya kamu da sonta ne saboda a duk garin ita kaɗai ce ba ta taɓa yin murmushi ba.

"Wannan agwagwa mai kwat fa?"

"Lauya ne. Shi ma yana son ta."

"Agwagwa ai ba ta da haƙori."

"Shi ya sa suke abota da Likita."

"Suna son mace ɗaya kuma suna abota?"

"A kotu kawai suke faɗa."

Inna ta rufe mujallar a hankali, kamar mai ja wa majinyaci bargo, ta ce in kawo mata shayi mai ƙarfi. Da na kai shayin na nemi a maimaita mini zancen agwagwar. Aka maimaita, na koma wajen awarata ban ƙaru da komai ba. Wata mata da ke jira da kwanonta ta tambaye ni ko lafiya a ciki, na ce shari'a ake yi.

Daga nan Shunpei ya kwance mata damuwarsa. In Likita ya ce yana son Yayoi, za ta ji daɗi. In ta ji daɗi za ta yi murmushi, in ta yi murmushi zai suma, babin ya ƙare da jarumi a kwance kamar kullum. Ya gwada sa shi ya faɗa cikin duhu, ya gwada ta waya, har ya gwada aika agwagwar da saƙo, agwagwar ta je ta yi wa kanta kamfe. Duk wanda ya kai, Malama Ogata ta duba ta ce akwai dariya amma babu zuciya.

"Gaskiya ta faɗa. Kai da ko 'yar tsanar tagar kanti ba ta taɓa kallonka sau biyu ba, me ka sani a soyayya?"

"Ai ke kika kashe mini kasuwa, tsohuwa. Duk yarinyar da ta gaishe ni sai ki nuna mata hotona ina wanka a baho."

"Lokacin da ka fi kyau nake nuna musu."

"To ke da kika ƙware, gaya mini. Yaya Kaka Tokuji ya ce miki yana sonki?"

"Bai taɓa cewa ba. Mutumin da ya kasa riƙe maɓallin rigarsa, zance zai iya riƙewa?"

Nan na ajiye wuƙa na ɗaga labule. Mahaifina ya rasu da daɗewa, kuma wannan labari ban taɓa jin sa ba.

Ta ce daga wani ɗan tsibiri suka tashi suka dawo Osaka tana ajin ƙarshe, mahaifinta tela ne, ita kuma tun tana ƙarama ba ta rabuwa da allura a wuyan riga. Ranar da aka yaye su, wani dogon yaro mai faffaɗan kunne ya tare ta a bayan makaranta, fuska ja jawur. Ya fizge maɓallin rigar makarantarsa ya danƙa mata a hannu, bai ce uffan ba. Ita kuwa ta kamo ƙirjin rigar, ta zaro allura, ta ɗinke masa a nan take, ta ce ya riƙa kula da kayansa.

Shunpei ya ajiye kofinsa.

"Wane maɓalli?"

"Na rawaya, irin na kowa."

"A'a, na nawa daga sama?"

"Na biyu."

"Kaka, na biyu fa kika ce. Wanda ke saitin zuciya. Ko ɗan firamare ya san in yaro ya ba yarinya wannan ranar gama makaranta, ya gama magana ke nan."

"A tsibirinmu in maɓalli ya cire ɗinke shi ake yi."

"Mutum ya ba ki zuciyarsa, kin mayar masa, kin haɗa da faɗa."

"Kuma ɗinkin ya yi kyau."

Ta ci gaba kamar ba a katse ta ba. Washegari sai ga shi a shagon mahaifinta, sanye da rigar makarantar da ya riga ya gama, maɓalli a tafin hannu. Ta ɗinke. Bayan kwana biyu ya dawo. Ta ninka zare, ya dawo. Ta sa zaren kamun kifi, ya dawo da maɓalli da yanka a yatsa. Haka aka shiga bazara, zafin Osaka yana narka kwalta, shi yana zuwa cikin baƙar riga mai kauri yana ɗigar da gumi. Maƙwabta suka ɗauka faɗuwa ya yi a jarrabawa abin ya taɓa masa kai. Daga ƙarshe mahaifinta ya gaji, ya ce yaron nan ko dai ya aure ki ko ya sayi riga mai zif.

"Inna," na ce, "ashe mu duk 'ya'yan gyaran riga ne?"

Ta ce manya na magana, in koma wajen wakena. Ban koma ba.

Shunpei ya dafe kai da hannu biyu yana lissafi a fili. Kaka Tokuji ya ɗauka an ƙi shi, amma yana dawowa. Inna ta ɗauka sakarai ne, amma tana ɗinkewa. To wa ya fahimtar da wa? Ta ce ba wanda ya fahimtar da kowa, biki kawai aka yi. Ya ce wannan ya fi zancen agwagwarsa rikici. Ta ce kada ya kuskura ya haɗa aurenta da tsuntsu.

Can sai Shunpei ya ɗago.

"Tsaya, amarya. A jikinsa kike ɗinkewa?"

"In ya tuɓe ai sanyi zai kama shi."

"Yanzu kika ce bazara ce."

"Akwai iska a shagon."

"Da me kike yanke zaren?"

"Da haƙori mana."

"A shagon tela babu almakashi?"

"Ya yi nisa."

"Ina yake?"

"A kan tebur." Ta kurɓi shayi. "Teburin ne ya yi nisa."

Yaron ya miƙe zumbur, ya faɗa kicin ya fito da tukunyar shinkafarmu. Inna ta ce in ta taɓa mata gashi yau zai ba ta takardarta. Ya ajiye tukunyar. Ya durƙusa gabanta, ya kama maɓallin rigarsa na biyu ya fizge, ya miƙa mata. Ta ce dubi ɗan banza, riga mai kyau. Amma kafin ta rufe baki hannunta ya riga ya kai wuyan rigarta, inda allurar take har yau. Ta jawo shi kusa, ta soka, ta zaro, ta soka, ta ƙulla. Sannan ta sunkuyar da kai har goshinta ya taɓa ƙirjinsa, ta kama zaren da haƙori.

"Kada ki motsa," in ji Shunpei a hankali. "Kawu, daga inda kake me kake gani?"

Ni daga gefe nake, komai a fili. Tsohuwar nan da ta raine mu da harara tana murmushi da duk haƙoran robarta, kunnenta manne da ƙirjin yaro, idonta a lumshe. Na gaya masa.

"Ni kuwa tsakiyar kanta kawai nake gani," ya ce. "Ka gane? Likita zai ba Yayoi maɓalli, ta ɗinke masa, ta sunkuya ta ciji zare. Duk murmushin da za ta yi a ƙirjinsa za ta yi. Shi tukunya kawai zai gani, ba zai suma ba. Mai karatu ne kaɗai zai ga haƙoran."

Na ce ban gane duka ba, amma tsigar jikina ta tashi. Ya ce iyakar abin da Malama Ogata ke nema ke nan. Ya warci takardar da nake naɗe awara da ita, ya kwanta rub da ciki a tabarma ya hau zane, yana waiwayen Inna yana cewa ta ƙara sunkuyawa. Ita kuwa ta gyara zama, ta mayar da fuskar nan tata ta kullum, ta ce ba murmushi ta yi ba, zaren ne ya yi tauri.

"Kin sani tun ranar farko," ya ce, bai ɗago daga zanen ba.

"Na san me? 'Yar ƙauye ce ni."

"'Yar ƙauyen da almakashi ke yi wa nisa."

"Wuyan hannuna ke ciwo a shekarar."

"Amma allura ba ta dame shi ba."

"Kai dai ba a yi miji mai baƙin naci irinka ba. Na farkon ma shiru yake yi."

Ta dafa gwiwa ta tashi, ta je gaban hoton mahaifina inda take kunna turare kowace safiya. Ta jawo 'yar durowar da ke ƙasa, wadda muka taso an hana mu taɓawa, ta lalubo wani abu ta cilla masa. Ya faɗo kan takardar yana juyi. Maɓalli ne na rawaya, ya sha shafa har tambarin makarantar ya kusa gogewa.

"Na ranar ƙarshe ne. Shi ban mayar ba."

"To me ya hana ki karɓa tun farko?"

"In na karɓa ranar farko, me zai kawo shi washegari?"

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda sai da ta tare haƙoran da hannu kada su zubo. Shunpei ya ɗauki maɓallin da hannu biyu, ya rusuna har goshinsa ya taɓa tabarma, abin da ban taɓa ganin ya yi mata ba. Ta ce ya tashi kada ya shafa mata maiƙon kai. Ta ce ya riƙe, ta ba shi, amma ya zana shi daidai, kuma in ta ga ya ba agwagwa maɓallin, aurensu ya mutu. Sai kuma ta tambaya, ita agwagwar wa za ta aura ke nan. Ya ce mai shari'a. Ta ce mai shari'ar mutum ne? Ya buɗe baki zai yi bayani, ta ɗaga hannu ta ce a bar shi haka, kanta ɗaya ne.

Na koma shago na sallami matar nan da ta gaji da jira. Na sauko da takalmin roba daga ƙusa na zura ƙafa, sai ya yi mini daidai.