Yadda Yaya Nomau Ya Auna Kicin

Hansatu, an gama aikin. Ciki da falo sun tsaya, da ɗan kicin ɗin nan da kike ta yi mini zancensa tun muna amarci. Na san abin da za ki fara tambaya: wa ya taya ni? Yaya Nomau ne. Yi dariyarki, ina jira.

Ke kin san yayanki, amma bari in faɗa, faɗar tana yi mini daɗi. A ƙauye gidansu mutum uku ne: Inna, da shi, da matarsa Kande, sai kajin Kande da ke kwana a zaure. Nomau ƙato ne, hannunsa na da kyau, in ya jera bulo sai ka rantse da zare ya ja. Ba ya ƙarya, ba ya gajiya. Abu ɗaya ne kawai, abin da aka ce masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Shi ya sa a gidan ba a aikensa sai an haɗa masa da inda zai tsaya. Kande ba ta cewa ɗebo ruwa ta yi shiru, sai ta ce ɗebo ruwa, in randa ta cika ka daina. Mu a nan Funtua ba wanda ya san da wannan.

Bayan sadakar arba'in ɗinki Inna ta aiko shi da saƙo, cewa za ta zo ta tafi da Walida, don yarinya ƙarama ba ta zama a gidan da ba a hura wuta. Ban ga laifinta ba. Amma ke kin tafi, in Walida ma ta tafi, wa zan yi wa sallama in na shigo? Na roƙa a bar ni in ƙarasa gyaran sashen nan da na gada, Inna ta zo ta gani da idonta, in ta ga ba wurin riƙe yarinya ba ne ba zan yi musu ba. Ta yarda, ta ce in riƙe Nomau ya taya ni. Ban ko sa rai ita ta zauna da mu ba. Kin tuna yadda kika sha roƙonta ta dawo gari, tana cewa gwiwoyinta ba su iya girkin 'yan birni, a tsaye kamar mai shayi. Ni kuma kullum ina kan adaidaita sahu, in ban fita ba aiki ya tsaya. Sai na bar Nomau a hannun Malam Isiya magini.

Wata rana, ranar farko ma ke nan, Malam Isiya ya ce masa ya fitar da duk abin da ke cikin ɗakunan, za a kankare bango. Malam ya shimfiɗa buhu a kusurwa ya ɗan kishingiɗa kafin a gama. Nomau ya fitar da gado da katifa da kwanukanki. Ya duba sama, ya kwance ƙwan lantarki. Ya zare ƙusoshin da muke rataye kaya. Ya kama wata tsaka a bayan ƙofa, ya kai ta tsakar gida ya ajiye a hankali. Da ya dawo bai ga saura ba sai Malam Isiya yana munshari, sai ya sunkuya ya sungume shi har da buhun. Malam ya farka a sama yana salati, aka dire shi gindin dalbejiya kusa da katifa, matan da ke haya a gidan suna dariya har da riƙe ciki. Da na dawo na tarar da Nomau tsaye a bakin ƙofa rana na dukansa, na tambaye shi me ya hana shi shiga inuwa.

"An ce duk abin da ke ciki," in ji shi. "Ni ne na ƙarshe."

Wata rana aka tayar da bangon da ya raba kicin da falo, aka yi masa filasta. Malam Isiya zai tafi masallacin Juma'a, ya ce da Nomau duk inda ya ga siminti ya ba shi ruwa ya sha ya ƙoshi, kada ya tsage. Nomau ya shayar da bango. Ya fita ya shayar da dakalin ƙofar gida, dattijai na zaune a kai, ya ba su haƙuri ya ce saƙo ne. Sannan ya tuna da buhun siminti ɗaya da ya rage a kicin, sabo fil, ya farke bakinsa ya yi ta ɗura masa ruwa har ya daina sha. Washegari buhu ya zama dutse. Malam Isiya ya ɗora hannu a ka ya tambayi Nomau wai shi wane irin mutum ne.

"Ai bai tsage ba, Malam."

Malam ya ce to ya bar shi nan inda yake, kada wanda ya ƙara taɓa shi. Cikin fushi ya faɗa, amma Nomau bai san fushi yana rage nauyin magana ba. Daga ranar buhun nan ya samu mai gadi. Ko ni da na kama shi zan mirgina waje, riƙe mini hannu ya yi.

Akwai zanenki. Kin tuna kafin zazzaɓin ya kwantar da ke, kin ɗauki gawayi kin shiga tsohon ɗakin ajiyar da zai zama kicin, kin durƙusa kina ja a ƙasa: nan risho, nan wurin wanke-wanke, nan randa, nan buhun masara, nan kuma hanyar da Walida za ta riƙa bi ba tare da ta kusanci wuta ba. Tun farkon aiki na nuna wa Nomau na ce kada ƙafar kowa ta taka shi. Ranar da ya shayar da simintin nan ma kwanuka ya kifa a kai. To wata rana mai tayil ya zo, wani ɗan Togo mai Hausa kaɗan, ya kwaɓa simintinsa zai fara, Nomau ya tare ƙofa. Mutumin ya yi masa bayani cewa ba takawa zai yi ba, rufewa zai yi.

Nomau ya ce, "In ka rufe shi, ta ina za a san inda ba za a taka ba?"

Aka kira ni a waya ina tsakiyar titi da fasinja. Kalma ɗaya ce za ta raba su, in ce a share. Na faka a gefe, na buɗe baki, ta ƙi fita. Fasinja suka gaji suka sauka. Da mai tayil ya ji shiruna, sai ya ce in bari, ya gane. Ya nemo fasassun tayil shuɗi a jakarsa, ya bi layinki da su ɗaya bayan ɗaya, sauran wurin ya sa fari, buhun dutsen kuma ya kewaye shi don an hana taɓawa. Hannunki na nan a ƙasa, Hansatu, har inda ya karkace da kika juyo kina yi mini magana. Nomau tsallake shi yake yi. Walida ta ɗauka wasa ne, ita ma tana tsallakewa. Ni ma haka.

Wata rana na aike shi kasuwa ya ɗauko kwanon wanke-wanke na ƙarfe, irin wanda ake dasawa a jikin kanta. Kin sha cewa ba kya son ƙarami wanda tukunya ba ta shiga. Sai na ce masa ya ɗauki tukunyar da ta fi girma a gidan ya je ya gwada. Ni tukunyarki nake nufi. Shi kuwa ya zagaya gidan kaf, ya ga wadda ta fi girma ita ce ta Iya Tasalla mai sayar da abinci, tana kan murhu cike da shinkafa da wake, ita kuma ta zaga bayi. Ya yi gammo da tsumma ya ɗora ta a ka, tana tururi. Shago shago ya bi yana saka ta a kwano yana cirewa, sai da ya samu wanda ta zauna daram. 'Yan kasuwa suka ji ƙamshi suka ce a sam musu, shi kuma Inna ta hore shi tun yana yaro cewa ba a hana mai roƙon abinci. Ya dawo da kwano mai kyau a hannu da tukunya wayam a ka. Iya Tasalla ta yi ta zagi har muryarta ta dishe, ta haɗa da ni da duk wanda ya haife ni. Da ta numfasa Nomau ya matso ya ce mata mutanen kasuwa na gaishe ta, sun ce gishiri ya ji daidai. Sati guda na yi ina kai ta cefane a adaidaita kafin ta amsa gaisuwata.

Saura kanta da taga. Aka sa ranar da zan je in ɗauko Inna, kuma tafiyar ta kwana ce, don sai na tsaya na gaida dangi. Malam Isiya ya samu wani aiki a Malumfashi, ya ce abin da ya rage ba wuya, Nomau zai iya. Ya gaya masa a gabana, ni ma na ji, ban ga aibu ba: ya jera bulo har ya kai ƙugun mai girki a wurin, ya zuba kankare a kai, taga kuma ya fasa ta daidai idon mai girkin. Ni a raina ni ne mai girkin, tunda na fara koyon tuwo wurin Iya Tasalla. Amma Nomau bai taɓa ganina da muciya ba. Wadda yake gani kullum a cikin layin shuɗin nan, inda kika zana risho, Walida ce, da gwangwanayenta na tumatir, tana dafa ƙasa da ganyen dalbejiya tana zuba masa a murfin kwalba, shi kuma yana cewa ya ƙoshi. Sai ya ce ta miƙe tsaye. Ya auna.

Muka iso da hantsi, ni da Inna. Tun daga zaure na ji mata na ƙus-ƙus. Na leƙa kicin. Kanta ba ta kai gwiwata ba. Taga na can ƙasa kamar ƙofar akurki. Mai famfo ya zo ya ga yadda abin yake, bai tambayi kowa ba, ya dasa kwano da famfo a nan. Kankare ya riga ya kama. Ga buhun dutse a gaba, ga Nomau a gefe yana murmushi yana jiran a ce sannu.

Na ce, "Yaya, wa ka auna?"

"Mai girki."

Na fara tunanin wace jaka zan zuba kayan Walida.

Inna ta shigo tana dafa bango. Kin san tun da na aure ki ba ta taɓa kallon idona ba, ba ta kuma kama sunana, haka ba ta kama na Nomau tunda ɗan fari ne. Ta tsaya ta dubi layin shuɗin, ba wanda ya gaya mata na wa ne, ta ɗaga ƙafa ta tsallake. Tafiyar mota ta taso mata da gwiwa, ta nemi wurin zama, ba kujera, sai ta zauna a kan buhun. Ta miƙa hannu don ta dafa, hannun ya sauka a kan kanta. Ta miƙa ɗayan ta murɗa famfo, ruwa ya zubo, ba ta tashi ba. Ta ɗaga kai, ga taga a gabanta, ga tsakar gida duka, ga Walida a gindin dalbejiya tana kora kaza. Inna ta daɗe tana kallo.

Can ta ce a miƙo mata tukunya. Taki na miƙa. Tana zaune ta wanke ta, tana zaune ta kunna risho, ta talga, ta tuƙa, ta kaɗa kuka. Rabon gidan nan da wannan ƙamshin tun kina nan. Na fita waje na tsaya kamar ina duba tayar adaidaita.

Da aka ci aka ƙoshi, Nomau ya tafi mayar wa Iya Tasalla muciyarta da aka aro, matan gida suka watse, Inna ta jawo Walida jikinta tana gyara mata kitso. Ina bakin ƙofa. Ta yi magana da yarinyar, da ƙarfin da zan ji.

"Takwara, ki gaya wa babanki ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin zaure, ciki namu ne ni da ke. Kayana suna ƙauye, ya tura wancan ya kwaso."

Walida ta juyo za ta faɗa mini, Inna ta riƙo ta.

"Tsaya, ban gama ba. Kayan ɗakina kawai. Ban da ƙofa, ban da kajin Kande. In ya loda su ya daina."

Yanzu suna ciki su biyu, ina jin Walida tana koya mata yadda ake tsallake layi. Jakar da na ɗauko don kayan Walida na mayar da ita ƙarƙashin gado. Malam Isiya ya bugo waya ya ce ya ji labari, gobe zai zo da guduma ya gyara ɓarnar, na ce ya sha zamansa a Malumfashi, ban gaya masa dalili ba. Shi kansa Nomau bai san Inna za ta zauna da mu ba, sai na zauna na tsara yadda zan faɗa masa daki-daki. Ban gaya wa kowa ba tukuna, Hansatu. Ke na fara gaya wa.