Lastavica, Wadda Na Gyara Har Lahira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta kasa ɗagowa, ni Dinko Vukov, likitan haƙori a nan tsibirin Zlarin, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Lastavica, jirgin ruwan tsere na katako mai tafiya da iska, wadda ta cika ranar Lahadin da ta wuce da la'asar, a tsakiyar teku, a gaban idona.

Na san za a ce ai ga ta can ɗaure a bakin gaɓa tana ƙyalli, baƙi suna ta ɗaukar hoto da ita. E, ga ta can. Gawa ce. Ni na yi mata wanka, ni na shafe ta da mai, kuma ni ne ajalinta.

An haifi marigayiya a rumfar mahaifin surukata, Mama Jerka, wanda ya sassaƙa ta da hannunsa. Ta tashi siririya, mai zafin nama, ba ta shiri da rago. Mama Jerka ce ta tuƙa ta tun tana budurwa, kuma tsofaffin garin nan shaida ne cewa su biyun sun sha kunyata maza a tseren tsibirai. Amma abin da aka fi sanin marigayiya da shi muryarta ce. Idan iska ta cika mata zanen da ke tura ta, ta kai ƙarshen gudunta, sai wani sauti ya taso daga ƙarƙashinta, zuuuu, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Da wannan kukan Mama Jerka take tuƙi. In ya ƙaru, tana kan hanya. In ya ragu, ta san iska ta fara kufce mata. Abokan hamayya kuwa da sun jiyo shi a bayansu sai su fid da rai da nasara.

Bayan rasuwar surukina, mijin Mama Jerka, aka sayar da ita. Ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, har na gano ta bayan wani sito a Šibenik, an lulluɓe ta da tamfol, kyanwa ta haihu a cikinta. Lokacin idanun Mama Jerka sun riga sun tafi. Na kai ta wurin, ta shafa katakon tun daga hanci har wutsiya, sannan ta ce, “Likita, in ka sa ta sake yi mini kuka ko sau ɗaya ne kafin in mutu, na yafe maka auren 'yata.” Tunda na shigo gidansu ban taɓa jin magana mai daɗi irin wannan daga bakinta ba. Nan take na rantse, na saya.

Doguwar jinya aka yi. Na cire ruɓaɓɓun katakai, na sa sababbi. Na goge, na shafa, na sake gogewa. Masu ciwon haƙori sun yi ta zuwa suna tarar da ƙofa a rufe, matata Zdenka kuma ta ce in kwashi bargona in koma can gaba ɗaya. Ban yi nadamar ko ɗaya ba. Sai ranar da na iso kan allon tuƙi, wancan faffaɗan katakon da ke cikin ruwa a bayan jirgi. A karkace yake. Bakinsa ya murɗe gefe kamar haƙorin yaron da ya hau kan ɗan'uwansa. Jama'a, ku yi mini adalci: aikina ke nan a duniya, ba na iya ganin karkataccen abu in wuce. Ban tambayi kowa ba. Na yi sabo, miƙaƙƙe, sumul, har na tsaya ina yaba kaina. Tsohon kuma na jefa shi cikin tarin guntaye.

Ranar da za a saka ta a ruwa, maƙwabcina Roko ya zo neman itacen gasa wa baƙi kifi. Na nuna masa tarin, na ce ya kwashe duka. Fada, limamin cocinmu, ya yayyafa mata ruwan albarka, aka buɗe giya, aka ci aka sha. Roko yana fifita wuta yana ihu, “Likita, wannan katakon naka ya iya ci, wallahi!” Mama Jerka ta yaba kifin har ta nemi ƙari.

Da iskar yamma ta taso muka fita mu huɗu: ni, Zdenka, Roko da Mama Jerka. Na ɗora hannunta a kan sandar tuƙi. Zane ya cika, Lastavica ta kwanta gefe ta zabura, gudun da ban taɓa gani ba. Mama Jerka ta karkata kai tana saurare. Shiru. Ban da ƙarar ruwa babu komai.

“Likita,” ta ce, “ka taɓa allon tuƙin ne?”

“Na miƙar da shi, Mama. Ai a karkace yake.”

“Na san a karkace yake. Babana ya sassaƙa shi ranar da aka haife ni, a buge. Ina tsohon?”

Na dubi Roko. Roko ya dubi teku, man kifi bai ma bushe a gashin bakinsa ba. Ba ta sake tambaya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muna cikin haka sai ga shi: zuuuu. A hankali, sannan ya ƙaru. Ni wawan Allah har da tsalle, ina cewa, “Mama, kin ji? Ta yi! Ta yi!” Zdenka ta mintsine ni a cinya. Na waiwaya. Bakin tsohuwar a rufe yake, maƙogwaronta na rawa, hawaye na gangarowa. Ita ce take yin kukan.

“Yi mini shiru, likita,” ta ce, “ina tuƙi.”

A daidai nan rai ya yi halinsa.

Marigayiya ta bar Mama Jerka, wadda suka tashi tare. Ta bar Zdenka, wadda har yau ba ta ce mini komai ba, abinci kawai take ajiyewa ta wuce. Ta bar Roko, wanda ya rantse ya daina gashi, ko da yake jiya na jiyo ƙamshi daga gidansa. Ta bar kyanwar Šibenik da 'ya'yanta ba matsuguni. Ta bar ni, da kunyar da ban san inda zan ajiye ta ba. Na tone tokar Roko da hannuna, ƙusoshin tagulla kawai na samu. Na ɗauko magogi zan karkata sabon allon, sai na tsaya: ta ina, kuma da wane gwargwado? Mutum ɗaya ne ya san wannan karkatar, shi ma da ya wartsake bai tuna ba.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi mai zuwa bayan an taso daga coci, a bakin gaɓa. Tokar na cikin gwangwanin man zaitun, za a zuba ta a teku. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su yaba ƙyallin katakon, kada kuma a kawo kifi. Mama Jerka ta ce a sake fita da ita, ita za ta tuƙa. Akwai wurin mutum biyu ko uku. Duk wanda ya shiga, in iska ta cika zane ya ji kukan ya taso, don Allah ya dubi gaba, kada ya waiwaya.