Ƙwan da Ya Fashe a Aljihuna

Ba zan taɓa mantawa da ranar rabon takardun shaida na ajinmu na yaƙi da jahilci ba, a ɗakin taron cocinmu a Kafanchan. Shekarata ta uku ke nan a ajin. Waɗanda muka fara tare sun wuce, har suna karanta Littafi Mai Tsarki a sujada, ni kuwa ina nan ina bin baƙaƙe da yatsa.

Sharaɗin shi ne kowa ya karanta layi biyar a gaban baƙi. Malamarmu, Malama Rifkatu, ta ba ni takardar da zan karanta, bayani a kan kalmar inkubeta. Ta ce Turawa ma aro ta suka yi daga harshen Latin, asalinta kwanciya a kan abu, irin yadda kaza ke kwanci. Daga nan suka sa wa injin ƙyanƙyasa sunan, har da akwatin gilashin da ake sa bakwaini a asibiti. Na ji daɗi, don kaji dai na san su tun ina yaro a Kagoro.

Gaskiya ban iya karanta takardar ba, haddace ta na yi. Sai na yi dabara: in zo da abin nunawa, don ido ya bar bakina. Kazata ta ƙyanƙyashe tara ta bar ƙwai ɗaya. Matata ta ce baragurbi ne, in jefar. Na ce a'a, jinkiri kawai ya yi (ni ne dai mai tausayin masu jinkiri). Na sa shi a aljihun gaban riga don ya sha ɗumi, na hau okada.

Da aka kira ni, na ga Fasto a gaba, ga 'yata da mijinta. Haddar ta gudu. Na dubi takarda, baƙaƙen suka yi mini kamar tururuwa. Don fargaba na dafe ƙirji da ƙarfi, sai na ji tus.

Warin ya isa kujerun baya kafin in sauke hannu. Fasto ya rufe hanci da hankici. Mama Asabe, mai sayar da citta da muke benci ɗaya, ta ce, "Baba, wannan ɗan naka ya mutu tun tuni fa."

Malama ba ta yi dariya ba. Ta matso, tana numfashi ta baki, ta ce a hankali, "Baba, layi ɗaya kawai, in ba ka takardar shaidarka."

Na tsaya, ruwan yana gangarowa cikin wandona. Ko kalmar farko ban iya ba. 'Yata ta sunkuyar da kai.

Yanzu ina shekara ta huɗu, na daina haddace komai, harafi-harafi nake bi. Na gane ɗumi ba ya amfanar ƙwan da babu komai a cikinsa. Ko akwai wani abu a cikin nawa kan, har yau ban yi ƙarfin halin tambayar Malama ba.