Babi na Ɗaya: Buɗe Kwamfutarka

Wata uku na yi ina tsara littafin da zai koya wa sababbin shiga gina shafin intanet da wani tsari da na ƙware a kansa. Babi talatin da biyu na jera a kaye, wato littafin rubutuna. Na farko kaɗai na rubuta, amma tuni na sa an buga mini bangon littafin a unguwar Zango, da hotona na tallabe haɓa.

Na gayyato mutum shida zauren gidanmu a Birni don gwaji. Na sa babbar riga, na yi gyaran murya, na karanta layin farko: "Buɗe kwamfutarka."

Can Madam Rahila, ma'aikaciyar asibiti, ta ɗaga hannu, ta kira ni Mushe, yadda muke ce wa malami da Faransanci.

"Mushe, wace kwamfutar?"

Na duba, kowa waya ce a hannunsa. Alhaji Sani, Bakano mai shagon atamfa, ya miƙo tasa mai fasasshen gilashi, ya ce, "Malam, a nan za mu buɗe ta?"

Duk babi talatin da biyun nan a kan kwamfuta na gina su, ga shi a zauren tawa ce kaɗai. Muka sha shayi, muka watse.

Yanzu na koma tsara na waya, kuma yana tafiya lafiya lau. Sai dai har yau in na bi ta Zango a kabu-kabu, wani zai ƙwalo kira daga shago: "Mushe, an buɗe?" Inna ma, da ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, in ta ajiye mini tuwo sai ta ce, "Babi na ɗaya, buɗe kwanonka."